Tela Ya Ɗinka wa Gidansa Riga

Duk layin babu wanda bai san Baba Tela ba, kuma ba ɗinkinsa ne ya sa aka san shi ba, bakinsa ne. Shekara talatin da ɗoriya yana taka keke a shagon da ke jikin gidansa, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa tayar da wata magana a gabansa ya ce bai sani ba. In mota ta ƙi tashi, ya san ciwonta. In likita ya rubuta magani, ya san wanda ya fi shi. Ko labari aka kawo cewa gada ta karye a wata ƙasa, sai ya girgiza kai ya ce laifinsu ne da ba su yi tambaya ba.

A ba shi haƙƙinsa, da can hannunsa yana da kyau. Ido ne ya fara ja da baya. Sai ya yi minti biyar yana farautar kafar allura, yana zagin masu ƙera allurai wai sun rage girman rami don mugunta. Ran da ya ɗinke wa wani bawan Allah baƙin wando da shuɗin zare, mai wando ya dawo yana huci, Tela ya dube shi sama da ƙasa ya ce sabon yayi ne, bai iso wurin irinsu ba tukuna. Daga nan masu kawo ɗinki suka fara zamewa. Sai su gaishe shi da ladabi a bakin shago, su zagaya ta ƙofar gida wurin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke ɗinki a wani lungu na falo, tsakanin firiji da taga, tana yanka yadi a kan teburin cin abinci.

Matarsa ta yi magana har ta gaji, ya bar wa yarinya shagon nan, shi ya huta. Amsarsa ɗaya ce kullum: makullin shago yana aljihunsa, kuma can zai tsufa.

Ana cikin haka aka tashi gyaran gaban gida, don filasta ta fara zuba, fentin kuma ya koɗe har ba mai iya tuna launinsa na asali. Matar ta kira ƙaninta, wanda magini ne tun tasowarsa, mutum mai sanyin magana da ba ya gaggawar komai. Ya zo da safe, ya ƙwanƙwasa bango da bayan cokalin gini, ya zauna kan bencin da ke ƙofar shago. Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon na Tela, ya tsallako da tawul a kafaɗa, don shi ba a yin taro a layin ba da shi ba.

Magini ya ce shawararsa mai sauƙi ce. A kankare tsohon fenti, a gyara filasta, a manna tayil mai kama da dutse daga ƙasa zuwa gindin taga saboda ruwan sama, sama kuma a shafa fenti ruwan madara.

Tela ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce ruwan madara kuma, asibiti za a buɗe? Ya ce matsalar masu gini ke nan, sun san nauyi ba su san kyau ba. Gida ai mutum ne, babban mutum wanda ba ya motsi, kuma wanda ya shekara talatin yana tufatar da masu tumbi da masu doro da masu kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, bangon da ke tsaye ƙiƙam ba zai gagare shi ba.

"Yaya, bango ba ya sa riga," in ji Magini.

"Don bai taɓa samun tela ba ne, Ɗan Siminti."

Matar ta ce ya rufa wa kansa asiri ya bar mai aiki ya yi aikinsa, shi da allura ma sai Auta ta zura masa zare. Wannan magana ce ta ɓata komai, don a gaban Mai Aski aka yi ta. Tela ya miƙe tsaye, ya zaro makullin shago ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Ku shaida. Ni kaɗai zan yi gaban gidan nan, daga sama har ƙasa. Ran da kuka ji na buɗe baki na nemi taimakon ƙaninki, ran nan ki karɓi wannan ki ba Auta."

Mai Aski ya ce ya shaida, da kunnuwansa biyu. Magini ya kaɗe wandonsa, ya yi wa yayarsa sallama, ya tafi yana murmushi. Auta kuwa tana leƙe ta taga.

Washegari Tela ya fito da buhun ƙyallaye, ragowar yadin shekara da shekaru. Ya bi bango yana kafa su da ƙananan ƙusoshi, ja nan, kore can, mai zane-zane a tsakiya, har gaban gidan ya koma kamar igiyar shanya. Sai ya tsallaka titi ya tsaya, ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya tambayi ra'ayinsa, in ya faɗa kuma ya ce masa bai san launi ba. Mai kawo wasiƙu ya zaɓi ruwan toka, aka ce masa zuciyarsa ce ta mutu. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaɓi fari, aka ce aikinta ne ya bi ta har titi. Bayan kwana uku ya tsayar da wani ɗan ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, ya ce wannan ne ya dace da fatar gidan, ruwan zuma.

A shagon fenti aka miƙo masa katin launuka, ya ture. Ya ce shi ba ya zaɓen launi da lamba kamar mai neman ɗaki a otal. Mai shago ya ce to ya kawo ƙyallen a haɗa masa a inji, duka a lokaci ɗaya, don launin ya zo daidai. Tela ya ce injinsa yana cikin kansa. Ya ɗauki farin fenti da ƙananan gwangwanaye na ja da rawaya da baƙi da shuɗi, kuma ya dage sai mai mai, irin mai sheƙin nan da ake shafa wa ƙofar ƙarfe, don yana so gida ya riƙa ɗaukar ido kamar siliki.

Bokiti na farko ya haɗa shi da safe, yana ɗiga launi yana juyawa da sanda yana kara ƙyalle. Ya fito ruwan goro. Ya shafe kusurwar hagu da shi, ya ce in ya bushe zai zauna. Bokiti na biyu rana ta yi tsaka, hannunsa ya zarce da ja, ya fito ruwan hoda. Na uku ya so ya gyara da shuɗi, aka sami wani kore mai kama da ruwan da ya kwana a kwata. Na huɗu ya fusata ya juye duk abin da ya rage, ya fito ruwan hanta. Da ya sauko daga tsani, gaban gida ya rabu huɗu, kowane kashi yana sheƙi yana hararar ɗan'uwansa. Shi kuwa a idonsa bambancin kaɗan ne, inuwa ce kawai.

Kafin la'asar layin ya cika. Mai Aski ya tsallako da ƙorafi, ya ce masu zuwa aski sun ƙi tsayar da kai wuri ɗaya, kowa sai waiwaye, har ya kusa yanke wa wani kunne. Masu tasi suka fara kwatance da gidan. Washegari da sassafe wata mata ta zo da yara biyu da jakunkuna a baya, ta yi sallama ta tambayi matar gida ko an fara ɗaukar 'yan raino a makarantar. Matar Tela ta rufe ƙofa, ta zo ta tsaya a kansa yana shan shayi, ta ce yau ko kasuwa ba za ta iya fita ba, kuma ƙaninta bai yi nisa ba, kira ɗaya ne.

A nan ne Tela ya yi abin da ya saba, bakinsa ya riga kansa. Ya fito ƙofar shago, ya tarar da mutum bakwai suna kallon bango suna danne dariya, ya ce su yi dariyarsu, jahilci ne ke damunsu. Wannan ai shafi ne. Wa ya taɓa ganin babbar riga ta kirki ba shafi a ciki? Shafi kowane launi ne ma yana yi, tunda ba a ganinsa. Rigar tana zuwa, tayil ne tun daga sama har ƙasa, ba ɗan guntun siket ɗin da Ɗan Siminti ya so ya ɗaura wa gidan ba.

Shi kansa sai da ya koma ciki ya zauna, sannan ya gane abin da ya ɗora wa kansa.

Wurin masu tayil ma haka aka sha fama. Ya riƙa ɗaga kowanne yana auna shi a hannu yana murza gefensa da yatsa kamar yadi. Masu sauƙin nauyi ya ce ba su da jiki, za su yi saurin tsufa. Ya zaɓi mafi kauri, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda guda ɗaya sai an sa hannu biyu. Mai sayarwa ya tambayi irin bangon da za a manna wa, da ya ji an ce sabon fenti mai mai, ya ce sai an sassare shi tukuna, in ba haka ba siminti ba zai kama ba. Tela ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana ɗinki. Mutumin ya ce ko ɗaya. Tela ya ce to ya ji.

Magini ma ya aiko da saƙo iri ɗaya ta bakin yayarsa, ya ce a gaya wa Yaya wannan ba taimako ba ne, gaisuwa ce: a kankare fenti, kuma a fara daga ƙasa, layi ya hau kan layi. Tela ya ce a mayar masa da gaisuwarsa. Ba a kankare shafi. Batun farawa daga ƙasa kuwa, wane mahaukacin tela ne ke fara riga daga ƙafa? Riga daga kafaɗa take rataya. In kafaɗa ta zauna, sauran jiki biyayya yake yi.

Ya jingina tsani, ya hau har ƙarshen bango da bokitin kwaɓaɓɓen siminti, ya shafa wa tayil na farko, ya manna, ya danna, ya saki. Tayil ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya sulale ya faɗa cikin bokitin ruwa. Na biyu ya sauka kan tukunyar furen matarsa. Na uku ya ratsa tsakanin ƙafafun Mai Aski, wanda ya zo ba da shawara, ya koma shagonsa da gudu ba tare da ya ba da ita ba.

Tela ya zauna kan matakalar tsani yana tunani, can sai fuskarsa ta washe. Ai ba a ɗinki sai an kafa fil. Ya aika aka sayo ƙusoshin kankare, ya manna tayil, ya buga ƙusa biyu a ƙarƙashinsa. Tayil ya zauna daram. Kafin yamma layin farko ya cika daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma a gaskiya ya yi kyau, don mutumin ya iya jan layi da alli.

Da ya zo layi na biyu, sai ya yi yadda kowane tela ke yi, yana ɗinki yana zare fil. Ya manna na ƙasa, ya tokare shi da ƙusa, sannan ya zare ƙusoshin na sama ya yi gaba da su. Duk ƙusar da ya zare sai ya ji wani ɗan ƙas, na sama ya ɗan zame ya zauna kan na ƙasa. Ya ce wannan ƙarar zama ce, riga ce ke bin jiki. Haka ya yi ta saukowa, kwana goma sha ɗaya, layi bayan layi, hannuwansa suka tsattsage, bayansa ya ƙage, amma bakinsa bai gaji ba. Kowace yamma sai ya tsaya bakin titi ya yi wa masu wucewa bayanin yadda masu gini suka shekara dubu suna aiki a juye.

Mutane kuwa suka fara shakka. Ruwan goro ya ɓace, ruwan hoda ya ɓace, bango ya fito sumul. Har Mai Aski ya ce wa matar gida ko dai tsohon nan zai ba su kunya ne. Auta ta daina leƙowa ta taga. Magini ne kaɗai in ya zo wucewa yake sauka daga gefen gidan ya bi tsakiyar titi, kuma ya roƙi yayarsa ta riƙa fita ta ƙofar baya.

Da aka iso ƙasa, Tela ya tsaya saura taƙi ɗaya. Mai Aski ya tambaya ko tayil ne ya ƙare. Tela ya ce a'a, rigar mutumin kirki ba ta jan ƙasa. Ya bar wannan tazara fayau, duk nauyin bango tun daga sama yana zaune kan layin ƙusa guda.

Ya sa ranar Asabar da hantsi za a buɗe. Ya harhaɗa tsofaffin zannuwan gado ya ɗinke su wuri ɗaya, ya rufe gaban gidan da su, ya ɗaure bakinsu a saman rumfar simintin da ke kan ƙofar shago. Ya bi gida-gida yana gayyata, har da mai shagon fenti da mai tayil, ya ce su zo su ƙaru. Ya ce a gaya wa Magini shi ma ya zo, ba don taimako ba, don karatu.

Da sassafe ya shiga ƙarƙashin zannuwan da guduma, don ba a miƙa wa mai kaya riga da fil a jiki. Ya bi layin ƙasa yana zare ƙusoshi. Ya zare duk wadda idonsa ya gani. Guda shida ko bakwai da suka yi launi ɗaya da siminti suka tsere masa, kuma su ne suka riƙe gidan har hantsi. Ya fito yana kaɗe hannu, ya ce wa matarsa ya cire fil kaf, ga riga nan tsaye da kanta.

Jama'a suka taru. Magini ya iso da motarsa ta aiki, dogon tsaninsa a ɗaure a sama, ya bi mutane a hankali yana cewa aiki irin wannan daga nesa ake ganin kyansa. Da haka ya kwashe kowa, yara da manya, ya tsallakar da su gaban shagon aski.

Tela ya sa rigarsa mafi kyau, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya hau tsaninsa ya tsaya kan rumfar siminti. Ya yi jawabi. Ya ce yau za a san bambancin mai ido da mai cokali. Ya ce ba ya riƙe kowa a zuci, wanda duk ke son koyo ƙofarsa a buɗe take. Sannan ya kama igiyar zannuwa ya fizga da ƙarfi.

Zannuwa suka faɗi, kuma na ɗan lokaci, kamar a ƙirga uku, layin ya ga gida mafi kyau da aka taɓa gani a wurin. Har wani ya fara tafi. Sai aka ji ƙas daga ƙasa, aka ji wani ƙas ɗin, sannan ɓangaren hagu gaba ɗaya ya sulalo kamar an zare wa bango wando. Na dama ya biyo shi. Ƙura ta tashi, ƙara ta cika layin, karnuka suka ɗauki haushi. Da ƙura ta lafa, ga ruwan goro da ruwan hoda da kore da ruwan hanta sun dawo suna sheƙi, ko ƙwarzane babu, ga tarin fasassun tayil har gwiwa, tsanin Tela a ƙarƙashi ya zama itacen wuta. Shi kuma yana tsaye kan rumfa, fari fat da ƙura, igiya a hannu.

Mai tayil ne ya fara magana, ya ce lallai ya ƙaru. Daga nan dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Tela ya jira ta lafa, ya ce gwaji ne. Kowace riga sai an gwada ta kafin a yi ɗinkin ƙarshe, kuma yanzu ya ga inda take buƙatar gyara. Mai Aski ya ce gaskiya ne, ta ɗan yi yawa a ƙugu. Ya ƙara da tambayar yadda mai gwaji zai sauko.

Nan fa ake yinta. Rumfar ta fi tsayin mutum biyu, ƙasa kuma duk kaifin tayil. Tsani mai wannan tsawo a duk layin guda ɗaya ne, ga shi can kan motar Magini. Magini ya kwance shi, ya saɓa a kafaɗa, ya zo tsakiyar titi ya tsaya yana kallon sama kamar mai duba hadari.

Tela ya ce wa Mai Aski ya gaya wa wani mutum cewa in tsaninsa ya yi masa nauyi, akwai bango nan da zai iya jingina shi. Magini ya ce a gaya wa mai maganar tsanin bai dame shi ba, ya saba. Tela ya ce a kawo katifa zai yi tsalle. Matarsa ta ce katifarta ba za ta hau kan fasassun tayil ba, ƙashinsa kuma ba na tsalle ba ne. Ya ce to shi dama yana son zama a nan, iska ta fi kyau. Ya zauna ya miƙe ƙafa. Rana ta ɗaga, siminti ya ɗauki zafi, ya fara musanya zama daga wannan gefe zuwa wancan. Mutane suka jawo benci. Wani ya aika gida a kawo masa lema. Awa guda ta wuce, Tela yana ta ba da labarin wani babban mutum da ya taɓa yi wa ɗinki, murya tana dushewa.

Auta ce ta kasa jurewa. Ba wanda ya lura da ita sai da ta fito ta ƙofar gida tana jan teburin yankan yadinta, kujera a kai. Ta ture fasassun tayil da ƙafa, ta kafa tebur a gefen ƙofar shago, daidai ƙarƙashin wani siririn layin tayil da ya maƙale a jikin rumfa bai faɗi ba. Ta ce Baba ya yi haƙuri ya zuro ƙafa, za ta riƙe kujera, ba sai ya kira kowa ba.

Tela bai ga tayil ɗin ba, idonsa bai kai ba. Amma ya ji ƙas. Kwana goma sha ɗaya yana jin wannan ƙara, ya san abin da ke biyo ta.

"Ƙanena! Taimaka, janye mini yarinyar nan!"

Magini ya yar da tsani, taku uku ya kai, ya fizgo ta da hannu ɗaya. Tayil takwas suka sauko a jere suka raba teburin biyu.

Matar Tela ta rungume 'yarta tana duba kanta da hannuwanta. Magini ya ɗauko tsani ya kafa, ya riƙe gindinsa da ƙafa. Tela ya sauko a hankali. Da ya taka ƙasa ya kama fuskar Auta ya matso da ita kusa da idonsa, ya juya ta hagu da dama, sannan ya sake ta.

Magini ya dubi yayarsa, ya dubi tsohon, ya sassauta murya. Ya ce shi fa da ƙarar tayil da hayaniyar mutane bai ji an kira shi ba, ganin yarinya ya yi kawai ya ruga. Mai Aski ya buɗe baki, matar Tela ta harare shi, ya rufe. Ƙofa ce aka buɗe wa Tela, kowa ya gani, ba abin da ya rage sai ya bi ta ya wuce da makullinsa.

"Ba ka ji ba?" in ji Tela. "Muryar da ta kai bakin babban titi? Ni in na yi kira, kurma ma sai ya waiwayo. Kada ka raina mini murya a gaban mutane."

"To na ji, Yaya."

"Ka ji mana."

Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe yana lalube kamar aljihun ya ƙara zurfi, ya fito da makulli. Ya miƙa wa Auta yana kallon wani wuri daban. Ya ce mata ƙofar tana da hali, sai ta ɗan ɗaga ta da gwiwa kafin makulli ya juya, kuma aljihun tebur na biyu ba a jan shi da ƙarfi. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa. Ta ce kujerarsa tana nan inda take a bakin ƙofa, don tana buƙatar wanda zai riƙa gaya wa masu kawo ɗinki wurin wanda ta koya.

Tela ya gyara tef ɗin da ke wuyansa, ya juya ya fuskanci jama'a, murya ta dawo.

"Kun ji dai. Duk layin nan, kai duk garin nan, ba mai hannun yarinyar nan. Kuma ni na koya mata, tun ba ta kai tsayin keke ba."

Mai Aski ya ce shekara talatin yana sauraron cika-bakin mutumin nan ta tsallaken titi, yau ne kaɗai ya rasa inda zai ƙaryata shi.

"Jira ka ji sauran," in ji Tela, ya jawo benci ya zauna.